Sawun Awaki a Kan Tudu

Nasira, 'yar Malam Burahima mai dabino, ta shekara uku a Yamai tana karatun dakta a fannin fizik. Bincikenta a kan tafiyar tudun rairayi ne: yadda ƙwayoyi bila adadin, kowace da motsinta, ke haɗa kai su binne garka. Ta gina lissafinta cikin ordinata, wato kwamfuta, ta zo gida Gure don ta gwada shi a kwarin dabinon mahaifinta da ke hanyar Bune.

Lissafin ya ce tudun da ke bakin kwarin zai matso taku shida a shekara. Turakun da ta kafa bara suka nuna sha ɗaya, kuma ta gefen gabas kaɗai. Kwana huɗu tana maimaita awo, har abinci ya daina shiga.

Malam Burahima ya same ta zaune gindin dabino.

"Na'urar taki ta san ranar kasuwa?"

"Baba, me ya haɗa kasuwa da rairayi?"

"Duk ranar kasuwa garken awakin Idirisa makiyayi ta nan yake gangarowa rijiya. Kofato ya fasa ɓawon da damina ta yi wa tudu, sai iska ta kwashe. Shekara talatin ina gani."

Ta jawo littafinta. Wata biyu suka yi tare, shi yana ƙirga dabbobi, ita tana auna zurfin sawu. Da ta shigar da wannan cikin lissafin, sai ya ba da taku goma da rabi.

Ranar da za ta kare kundinta, tsohon ya sha doguwar tafiyar mota har Yamai, ya zauna can baya da farin rawaninsa. Wani farfesa cikin masu jarraba ta ya tambaya a wane littafi ta samo batun kofato.

"Ba a littafi ba ne. Ga mai shi can."

Duk ɗakin ya waiwaya. Malam Burahima ba ya jin Faransanci, sai da na kusa da shi ya raɗa masa. Ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa.

"Ku faɗa musu ni na ga abin, amma ita ta iya auna shi."

Da suka koma Gure, Nasira ta zana taswirar tudun da hanyar garken, ta kai wa Idirisa da kanta. Ya yi gardama har la'asar, sannan ya yarda garke ya riƙa zagayowa ta yamma, ya daina taka tudun.