Farin da Yunus Ya Bari

Shekarar da aka rufe Kasuwar Shanu, Yunus ya rasa inda zai kai kansa da safe. Dillali ne mai zaƙin baki, irin wanda in ya kama wutsiyar sa ya fara yabo sai mai shi ma ya ji kamar ya fasa sayarwa. Ga shi yanzu a unguwar Old Maiduguri yana zaman kashe wando a ƙofar gida, yana gaisawa da mutum ɗaya sau uku kafin azahar. Amma ba rashin kasuwa ne ya fi cin ransa ba. Tsohuwarsa ce, Kaltumi, da ta daina cin abinci.

An kai ta asibiti, an auna nan an auna can, aka ce tsufa ne da damuwa, kamar dai wani bai sani ba. Tun ranar da ta iso gari a bayan motar itace tare da matan ƙauyensu na can bayan Marte, ƙafafu duk a farfashe, ba ta taɓa buɗe baki ta ba da labarin abin da ya faru ba. A bakin wasu Yunus ya ji. Mutanen daji sun zo da hantsi, sun tara maza a bakin tabki, har da mahaifinsa Abdulsalami da ƙanensa Ali, da suka gama suka kora shanu suka tafi. Mata suka gudu, ba wadda ta waiwaya. Ita Kaltumi magana ɗaya ta riƙe.

“Ka kai ni in gani.”

“Ammi, babu hanya. Ko soja ba sa bin wajen.”

“To ka kai ni in gani.”

Munawwara, matar Yunus, ta yi iya yinta. Ta dama kunu, ta nemo kindirmo mai kyau, ta tuƙa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa yadda tsohuwar take so. Sai Kaltumi ta kurɓi biyu ta ture kwanon, ta gyara ƙullin farin yadin da take ajiye a ƙarƙashin matashinta, ta juya fuska bango. Yunus bai taɓa tambayar yadin ba, don ya san tsofaffi da tanadin likkafaninsu. Abin da ya yanke a ransa shi ne kewar shanu ce ke kashe ta. Matar da ta san kowace saniya da sunanta da na uwarta, a kawo ta a ajiye a ɗakin siminti tana kallon rufin kwano? Ai dole. Ya tabbata in da za ta sake ganin fararen shanun nan a bakin tabki ko sau ɗaya ne, za ta ci abinci.

Maƙwabcinsa Malam Tahir, tsohon ma'aikacin gona da ya yi ritaya, shi ne ya ja shi cikin harkar fenti. Duk Asabar yakan saɓa wata jaka ya hau Keke zuwa unguwar Jiddari Polo, ya dawo yatsu shuɗi-shuɗi. Yunus ya sha yi masa tsiya.

“Malam, gemai-gemai da kai kana wasan 'yan firamare?”

“Gemu ba ya hana ilimi, Yunus. Kai da ba ka wasa, me ka sayar yau?”

Wata rana Tahir ya zaro takarda ya nuna masa. Gonarsa ce ta hanyar Konduga, wadda rabonsa da ita tun kafin a haƙa ramin da ya kewaye gari. Gaskiya zanen bai yi kyau ba, bishiyar tsamiyar ma ta fi kama da lema. Amma akwai wani duhu-duhu a gindin sararin sama, na hadari da ya taso daga gabas, da Yunus ya gani sai da ya ji ƙamshin ƙasa a hancinsa. Asabar ta gaba shi ya riga Tahir fitowa.

A barandar wata mata ake taruwa, Malama Susanna, tsohuwar nas daga duwatsun kudu, wadda ita ma garinsu ya zama kufai. Ba malamar zane ba ce. Tana yarinya ne aka taɓa koya musu a makaranta, shi ke nan ta zama shugaba. Su biyar ne ko shida, duk furfura, kowa da faifan katako a cinya da gwangwanin ruwan 'yan garuwa a gefe. Fentin yana cikin akwatin ƙarfe, 'yan curi-curi kamar dunƙulen magi, a jiƙa buroshi a shafo. Ba mai iya fita bayan gari ya kalli daji ya zana, saboda haka kowa daga kansa yake kwafowa. Kuma abin da zai ba ka dariya ya ba ka tausayi, kore ne ke fara ƙarewa a akwatin. Duk cikinsu babu mai tuna garinsu da rani. A ƙwaƙwalwar ɗan gudun hijira kullum damina ce, kamar ba a taɓa yin yunwa a ƙauye ba.

Yunus ya sha wuya. Hannun da ya saba da igiya da sanda, aka ba shi buroshi siriri kamar tsinken sakace. Ya jiƙa takarda har ta huje. Ya shafa shuɗin sama, kafin ya sake tsoma buroshi zafin Maiduguri ya busar da rabi, saman ya fito da zane-zane kamar tabarma. Tabkinsa na farko, Tahir ya leƙa ya tambaya da ladabi ko kwatar Gamboru ce. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma a gida tsohuwa ta daina fitowa tsakar gida ko don shan iska.

A hankali hannu ya faɗa. Ya koyi haɗa shuɗi da rawaya in kore ya ƙare. Ya samo baƙin firgi, ƙasar nan mai tsagewa da rani mai kama ƙafa da damina. Ya jera kan dawar masakwa can nesa, ya kafa itacen aduwa guda ɗaya da ke yamma da tabki, ya karkata shi yadda iska ta karkata na gaske. Ran nan ya ɗaga kai ya ce, “Malama, a ba ni fari. Zan sa shanu.”

Susanna ta yi murmushi. “Babu fari a fentin ruwa, Malam Yunus.”

“Kamar yaya babu?”

“Fari barinsa ake yi. Tun kafin ka fara za ka san inda yake, ka bi ta gefensa da kala, kar ka taɓa. Takardar ce farin. In ka riga ka shafe wurin, shi ke nan, ba ya dawowa.”

Ya kalli takardarsa da ya cika da ciyawa daga gefe zuwa gefe, bai bar ko wurin ɗan maraƙi ba. Sai sabon lale.

Nan kuma Tahir ya gyara zama ya yi gyaran murya, alamar wa'azi na tafe. “Yunus, ka ga mu nan bishiya muke yi, da ruwa, da sama. Ba ma yin mai rai. In ka yi wa abu kai da ido, gobe ƙiyama za a ce ka hura masa rai, kuma ba za ka iya ba.”

“Malam, shanun nake nema. In babu su me zan kai mata?”

Suka yi ta ja-in-ja har shayin Susanna ya huce. A ƙarshe dillali ya yi abin da ya iya, ya raba gardama. Zai yi shanun a kwance, yadda suke yi da la'asar in sun sha ruwa suna tuƙa, jiki kawai, ba kai, ba ƙafa, ba ido. Tahir ya ce wannan babu laifi, tunda abin da ba shi da kai ba ya rayuwa. Yunus ma a ɓoye ya ji daɗi, don ya gwada kan saniya a bayan takarda ya fito masa kamar buta.

Ya ɗauki sabuwar takarda ya fara da bisimilla. Ya bar fararen wurare a bakin tabki, dogaye, masu ɗan tudu a gefe guda wurin tozo, a jere kusa da juna yadda garken mahaifinsa ke kwanciya. Ya bi gefensu da kore yana riƙe numfashi. Wannan karon saman bai yi masa gardama ba, tabkin ya zauna, aduwar ta karkata. Da ya gama ya jingina faifan da bango ya ja baya, sai hawaye ya cika masa ido. Gida ne. Har sunayen shanun yana iya kira.

Tahir ya ce ma sha Allah. Susanna ce ta daɗe tana kallo. Mace ce da ta yi aiki a asibiti a shekarun da ake sauke mutane daga bayan a-kori-kura ana jerawa a baranda.

“Malam Yunus,” ta ce a hankali, “ko za ka ɗan sa musu ƙaho? Ko 'yar wutsiya?”

“Ƙaho ai a kai yake, Malama,” in ji Tahir.

Yunus ya yi dariya, dariyarsa ta farko mai daɗi a watanni. “Ki bar su. Ammi ko a duhu za ta gane shanunta.”

Susanna ta taya shi naɗe takardar a cikin jarida.

Bayan la'asar ya shiga ɗakin tsohuwar. Ta rame har zoben azurfar da ke hannunta ya koma babban yatsa. Munawwara ta biyo shi da kwanon kindirmo, don ya ce mata ta shirya, yau za a ci abinci. Ya ɗaga labule haske ya shigo, ya tallafo mahaifiyarsa ya jingina ta da ƙirjinsa, ya warware takardar a kan cinyarta.

“Ammi, ba ki ce in kai ki ki gani ba? To ga shi na kawo miki.”

Ta ƙura ido. Idon ya yi rauni, sai da ta kai fuskarta kusa. Yatsanta ya sauka a kan aduwar, ya bi karkatarta. Ya gangara tabki. Yunus ya ji numfashinta ya canza, zuciyarsa ta yi tsalle, ta gane, wallahi ta gane. Sai yatsan ya iso kan fararen wuraren ya tsaya. Ta taɓa na farko, ta taɓa na biyu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, leɓɓanta na motsi.

“Alhamdu lillahi,” ta ce. Muryar ta fito sarai, irin wadda bai ji ba tun zuwanta. “Ashe an yi musu sutura.”

Yunus bai gane ba da farko. Ya kalli takardar. Sai ya ga abin da Susanna ta gani, dogayen farare a jere a bakin tabki, ba kai ba ƙafa, daidai wurin da aka tara maza. 

“Mun gudu mun bar su a rana, wiledi, ɗana,” in ji tsohuwar. “Ko zane ban yafa wa babanka ba. Kullum in na rufe ido ina ganin ungulu. Ta yaya abinci zai wuce mini?” Ta sake shafa takardar. “Wane ɗan albarka ne ya koma?”

Maganar tana bakinsa. Shanu ne, Ammi, shanunki ne, ba wanda ya koma, ba wanda zai koma. Ya dubi Munawwara, ta sunkuyar da kai. Duk watannin nan yana zaton shanu take yi wa kuka, shi da yake taƙama ya san abin da ke cikin ran mai saye tun kafin ya yi magana. 

“Mutanen kirki ne, Ammi,” ya ce.

“An yi musu salla?”

“An yi.”

“Wanne ne babanka?”

Ya duba layin. Akwai wata babba a tsakiya, wadda ya bari da sunan uwar garke, saniyar da mahaifinsa ya fi so. Ya ɗora yatsa a kanta. Ta gyaɗa kai, kamar da ma ta sani.

“Na kusa da shi Ali ne. Ba ya nisa da shi.”

Ta daɗe tafin hannunta na kan su biyun. Sannan ta laluba ƙarƙashin matashi ta jawo ƙullin farin yadin nan, ta tura wa Yunus a cinya.

“Na babanka ne, na ce in ka kai ni in rufe shi. Tunda ya samu, ka ajiye mini.”

“Ammi, ga kindirmo. Ki sha ko kaɗan ne, tunda hankalinki ya kwanta.”

Ta kalli kwanon, ta yi masa murmushi irin na uwa ga yaron da bai fahimci zance ba, ta ture shi da bayan hannu a hankali.

“Da ma su nake jira,” ta ce.

Ta zame ta kwanta, ta juya fuska bango, takardar a rungume a ƙirjinta. Yunus ya zauna da yadin a cinyarsa har aka kira magariba, bai tashi ba.