Cokulan Kumandan

Rahama ta zazzage cokula shida a kan tabarmar Ismaghil, tsohon maƙerin azurfa na kasuwar Arlit.

"Baba, duba mini su. Kumandan na Agadas ne ya ba kakana da hannunsa, lokacin da yake dafa masa abinci. Wana Fatahu yana ta yaɗa wai gwangwani ne. So nake ka rufe masa baki."

Ismaghil ya goge ɗaya da bakin rawaninsa, ya kanga madubi a gindin mariƙin. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Lafiya, Baba?"

"Azurfar Faransa kan mace take ɗauke da shi, da hular yaƙi, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ke me kika gani nan?"

Rahama ta runtse ido ɗaya. "Kamar... sawun barewa."

"Tambarin mahaifina ne, Alhassane."

Ta yi zaman daɓas.

"Yata, kakanki ba Ramalan ba ne, mai guntun yatsa? Shi ya riƙa fito da cokulan Kumandan ɗaya-ɗaya cikin wandonsa. Mahaifina ya ƙera masu kama da su, a mayar wa Bature, kakanki ya riƙe na ainihi."

"Ka ga! Ashe nawa ne na ainihin!"

"Haka shi ma ya zata har ya koma ga Allah. Mahaifina biyu-biyu yake ƙerawa, ɗaya na Bature, ɗaya na kakanki."

Rahama ta riƙe haɓa. "Wato kakana ɓarawo ne, kuma aka yi masa sata?"

"Ni ban ce ba. Amma azurfa ce, ba gwangwani ba. Tsofaffin mundaye aka narkar."

"To na ainihin fa?"

Ismaghil ya gyara amawalin rawaninsa, ya shiga hura wutar da ba ta mutu ba.

"Baba, da kai nake!"

"Mina, uwargidana, tana motsa miya da ɗaya. Sauran jikoki sun ɓatar wajen haƙa rami."

Rahama ta ɗaure cokulanta a gefen zane, ta miƙe. Ta kai bakin rumfa, ta juyo.

"In Fatahu ya zo, me za ka ce masa?"

"Azurfa ce tsantsa, daga gidan Kumandan aka samo fasalinta."

"Fasalin nan ka haɗiye shi," in ji ta. "Ni kuma ba zan bi ta gidanku cin tuwo ba."