Ranar da Injin Waisea Ya Ƙi Tashi

"Sake murɗa makullin," in ji Apenisa daga kan tabarma.

Ɗansa Waisea ya murɗa. Injin jirgin ruwan ya yi ta gurnani, ya ƙi kamawa. Ga ruwan teku ya fara janyewa, in kuwa ya bar duwatsun murjani a waje, ba jirgin da zai fita daga tsibirinmu sai yamma. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta ce in ba a kai tsohon nan asibiti a babban tsibirin Kadavu ba, ba zai ga yamma ba.

Ni maƙwabciyarsu ce, da ni aka ɗauko shi zuwa inuwa a bakin ruwa. Mutumin da ya tsufa yana gyaran injin jirage a ƙauyen nan, yau numfashi ma da ƙyar, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Matsa robar tiyon man fetur. Ta yi tauri?"

"Ta yi, Baba."

"To duba filta, ƙila ruwa ya shiga man."

Waisea ya kwance filta, ya juye a kwalba, ya ɗaga wa rana. Fetur ne zalla. Ya kankare kan batir, ya ciro fulogi ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da rigarsa.

"Ai na faɗa maka," in ji tsohon. "Ka bar tsohon inji mai kafireta, ka kwaso sabo mai kwamfuta a ciki. Wancan in ya yi gardama, hura shi kake da baki ya tashi."

"Haba Baba! Kai ake ƙoƙarin ceto, kana yi mini tsiya."

"Wa ya ce maka nitsewa nake?"

Dariya ta kusa kuɓuce mini, ga raina a ɓace. Ƙanena na da irin injin nan. Kana murɗa makulli rabi za ka ji famfon mai ya yi ɗan zuuu kafin komai. Da Waisea ya sake murɗawa na kasa kunne, shiru. Apenisa kuwa, da ke gane ciwon inji yana kwance a ɗakinsa, ya sa ɗansa duba komai ban da wannan.

Na juya wajen matarsa Unaisi. Tana yi masa fifita, idonta a ƙasa. Sai na tuna da safe, da na fito ba aladu abinci, na gan ta tana dawowa daga wajen jirgi, zanenta a jiƙe, hannu a dunƙule.

"Unaisi," na ce ƙasa-ƙasa, "me kika je yi bakin ruwa ɗazu?"

"Litia, karɓi mafificin nan, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Tun bara Apenisa ke faɗa a gaban kowa cewa ba za a dawo da shi daga asibiti a akwati kamar daskararren kifi ba, yadda aka dawo da yayansa. Na buɗe baki zan kira Waisea, sai tsohon ya kafa mini ido. Na rufe bakina, tausayin yaron nan kamar ya kashe ni.

Ruwa ya janye, jirgi ya zauna kan yashi. Waisea ya jefar da sufana, ya zo ya durƙusa yana kuka.

"Na kasa, Baba."

"Ka duba duk abin da na ce ka duba. Mai da ni gida, ƙudaje sun ishe ni."

Muka mai da shi. Ya nemi shayin ganyen lemo, ya kurɓa, ya tambaya ko an ɗaure jirgi da kyau. Kafin a buga gangar coci ta yamma ya cika, kansa a cinyar Unaisi, ƙofa a buɗe tana kallon teku.

Washegari dole a je a ɗauko fasto da dangi. Waisea na tsaye cikin jirgi, ya rasa ta inda zai fara. Unaisi ta shiga ruwa har gwiwa, ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta miƙa masa ɗan fiyus, bai fi farce girma ba.

"Na famfon mai ne. Babanka ya ce ka san raminsa."

Waisea ya daɗe yana kallon abin a tafinsa. Ya buɗe murfin injin, ya soka shi, ya murɗa makulli rabi. Duk muka ji ɗan zuuu ɗin nan. Murɗa ɗaya, injin ya tashi.

Ya bar shi yana aiki, ya zauna a gefen jirgin, uwarsa na tsaye cikin ruwa riƙe da igiya.