Ganye a Kan Titi

"Ba ƙarya na ce ki yi ba," in ji lauyan, yana haki a kan matakala a bayanta. "Ki fahimce ni, Manaja. Gaskiyar ma ta ishe mu."

Manaja ba ta rage sauri ba. A tsakanin tayoyin manyan motoci ta koyi tafiya, kuma tun da mahaifinta ya rasu ya bar mata kamfanin dakon kaya, babu ofishin da ta taɓa shiga da sanyin jiki. Sai da suka kai hawan sama na ginin hukumar sufuri ta tsaya, don lauyan ya mayar da numfashi.

"To, Barista, maimaita min gaskiyar taka."

"Direban ya kira ki kafin ya ɗora kayan?"

"Bai kira ba."

"Kin ba shi izini?"

"Ban ma sani ba sai da aka kama motar."

"Shi ke nan! Direba ya yi gaban kansa. Kamfani ya fita fes, a sakar miki mota yau, masu tayil ɗin shimfiɗa ƙasa su ga kayansu, kwangilarki ta tsira."

"Shi kuma fa?"

Lauyan ya gyara wuyan rigarsa. "Za su karɓe lasisinsa. A shekarunsa ai hutu ne."

Wanda ake yi wa tayin hutun yana zaune a benci a ƙarshen barandar, ya ɗora hannaye kan gwiwa kamar mai jiran allura. Kawu ne, ƙanin mahaifiyarta, direba mafi daɗewa a garejin. Ya saka rigarsa ta zuwa unguwa, amma baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farcensa, inda ba sabulun da ya taɓa kaiwa.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Kawu ya ɗauko tayil, lodi mai nauyi, sai ya hango ganye a jere a kan titi, alamar da direbobi ke yi idan mota ta mace a gaba. Ya tarar da wata jar mota ta kwanta da kwandunan tumatir, rana ta take, direbanta na zagaye ta yana salati. Injin ya riga ya mutu. Kawu ya dubi tumatirin, ya dubi filin da ya rage a bayan motarsa, ya ce a ɗora. Shi dai a wajensa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sikelin hukuma kuwa bai san wannan karin maganar ba. Da aka hau da motar, nauyi ya zarce ƙa'ida, ga kaya babu takardar rakiya. Tumatir dai mai shi ya aiko an kwashe. Mota da tayil suka zauna a harabar hukuma.

Mai jar motar, wanda direbobi ke kira Mai Jan Fenti, Manaja ta kira shi da kanta ya zo ya yi shaida cewa taimako aka yi masa, ba lodin haya ba ne. Sai ya fara tari.

"Ni fa ban aiki kowa ba, Manaja. Kin san hukuma, in na shigo sai su fara tambayar lafiyar motocina. Kowa ya ɗebo da zafi, ai bakinsa."

Ta kashe wayar ba ta zage shi ba, abin da har yanzu take mamakin kanta a kai.

Kawu ya miƙe da ya gan ta. "'Yar nan, na ji abin da Barista ke faɗa. Ki bi maganarsa. Ni na ɗebo."

"Kawu, ka karya kuwa?"

"Ina maganar arziki kina maganar ciki."

"To ka bari mu shiga, kada cikin ya yi ƙara a gaban hukuma."

Ɗakin zaman bai kai girman sunansa ba: dogon tebur, fanka mai kuka, da mutum uku na kwamiti. Shugabarsu dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci, irin matan da ba sa ɗaga murya don ba su taɓa bukata ba. Jami'in sikeli ya faɗi abin da ya gani. Lauya ya tashi ya yi bayani mai santsi, ya yabi kamfanin, ya ce shekara da shekaru ba a taɓa kama motarsa da laifi ba, sannan ya sauke komai a wuyan direba a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Shugabar ta dubi Kawu. "Ka nemi izini?"

"Ban nema ba, ranki ya daɗe."

"Ka san doka?"

"Na san ta. Tumatirin ne bai san ta ba."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Shugabar ko gezau. Ta juya ga Manaja.

"Ke ce mai kamfani. Tambaya ɗaya zan yi miki. Abin da direbanki ya yi, da yardar kamfani ya yi shi, ko gaban kansa ya yi?"

Lauya ya ɗan taɓa gefen kujerarta da yatsa. Manaja ta ji shi sarai. Ta kuma san abin da ke kan tebur: kwangilar tayil ita ce ke riƙe da rabin garejin, ta yi zarya kafin ta same ta har takalminta ya cinye. Ta ji tsoro, babu amfanin ɓoyewa. Amma ta dubi hannayen Kawu a kan gwiwarsa, ta tuna su ne suka fara ɗora ta kan kujerar direba, ƙafafunta na lilo ba su kai ko rabin hanya zuwa birki ba. Mutumin nan in aka raba shi da sitiyari, ba hutu aka ba shi ba.

"Ranki ya daɗe, bai kira ni ba," ta ce. "Wannan gaskiya ne. Amma bai kira ba ne don ya san amsar. A garejinmu ba a wuce motar da ta mace. Mahaifina ya kafa wannan, ni kuma duk direban da na ɗauka, kafin in miƙa masa makulli sai na faɗa masa. Har korar wani na taɓa yi saboda ya wuce motar da ta mace. Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne inda taimakon zai tsaya. Wannan kuwa sakacina ne, ba nasa ba."

Lauya ya rufe ido kamar wanda aka taka wa gyambo.

Shugabar ta zare tabarau. "Kin gane abin da kike faɗa? Motar da aka cika fiye da ƙima birkinta ba ya kamawa a gangare. Ba a kafa sikeli don a ɓata wa masu kirki rai ba. Akwai mutane a kan titin nan."

"Na gane. Ban zo in ce doka ta yi kuskure ba. Na zo in faɗi wanda ya kamata ta kama."

Ba su daɗe suna shawara ba. Laifi ya hau kan kamfani: tara, gargaɗi a kan lasisin kamfanin, mota kuma za ta zauna a harabar har ƙarshen wata, a zo da wata motar a kwashe tayil. Direba an ja masa kunne, lasisinsa na hannunsa.

Ba su gama sauka daga matakala ba wayarta ta yi ƙara. Wakilin masu tayil ne, da muryar nan ta ladabi da ake kashe magana da ita. Sun yi haƙuri, ya ce, amma ƙa'idarsu ba ta yarda da kamfani mai gargaɗi a lasisi ba. Za su nemi wani. Ta ce ta gode, Allah ya bar zumunci.

"Da ma na faɗa miki," in ji lauya.

"Ka faɗa, Barista, kuma ka iya aikinka. Gobe ka zo gareji, ka rubuta min dokar Baba yadda ba za ta sake karo da ta hukuma ba. Igiya, ruwa, jak, kiran makaniki. Lodi kuwa ko kwando ɗaya a'a."

Ta jefa wa Kawu makullin ƙaramar motarta. Ya kama ba tare da ya dube ta ba.

Suka fito daga cunkoson gari, suka hau babban titi. Kawu na tuƙi. Ita kuma tana ta lissafin ƙofofin da za ta ƙwanƙwasa gobe: masu fenti, masu rodi, wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana neman ta. Titi bai ƙare ba, kaya ma ba su ƙare ba.

Sai ga ganye a jere a kan kwalta. Can gaba wata babbar mota ta karkace a gefe, an ɗaga kanta, direban na tsaye a rana yana ɗaga hannu. Jar mota ce, irin jan da kowa ya sani.

Manaja ta ji ƙafar Kawu ta sassauta kan totur da kanta, yadda ta saba. Sai kuma ya danne. Ya kafe idonsa a gaba, suka wuce motar fuu. A madubi ta ga hannun direban yana sauka a hankali.

"Kawu."

"Na ja miki abin da ya isa, 'yar nan." Ya nuna madubi da haɓa. "Kuma kin ga ta wane ne."

"Na gani. Mai Jan Fenti yana ofis yana shan iska. Wancan da ke tsaye a rana direba ne." Ta juyo ta fuskance shi sosai. "Ban yar da kwangila don ka koyi wucewa ba. Juya."

Ya goge ido da bayan hannu, ya ce ƙura ce, alhali gilashi a rufe yake. Sannan ya kunna sigina.

"Akwai igiya a but ɗin motar nan taki kuwa?"

"'Yar wa ka ɗauke ni?" in ji ta.