Bangon Gabas

Cocin ya fara ne a gindin bishiya, da mutanen da ba su cika tabarma biyu ba. Da ruwan sama ya kore su suka kafa rumfa, da iska ta kwashe rumfar sai wani magini a cikinsu ya kwaɓa ƙasa ya tayar da ɗaki. Daga nan aka yi ta ƙari: bana a fasa baya a ja shi, baɗi a manna masa baranda, har ya zama dogo siriri kamar taragon jirgi. Lokacin da aka ba su limamin coci nasu na kansu, wato Fada, rabin jama'a a waje suke tsayawa ran Lahadi, suna jin wa'azi ta taga.

Babu wani filin, babu kuma inda za a koma kafin a gama sabon gini. Sai aka ja sabon bango a kewaye da tsohon cocin, ana sujada a ciki ana ɗora bulo a waje, har aka rufa kwano a samansa. Tsohon ya zauna a tsakiya kamar kaza a akurki. Saura a rushe shi a fitar da ƙasar ta ƙofa.

Ɗan maginin farko aka ba aikin. Uban ya daɗe da rasuwa. Ɗan ma ya fara furfura, amma har yanzu Auta uwarsa take kiransa.

"Auta, an ce kai za ka fasa bangon gabas."

"Duka za a fasa, Mama."

"Sauran ba ruwana. Wancan ubanka ya yi, ni na ɗebo masa ruwa da cikin yayarka. Ka sa masa guduma, ƙafata ba za ta taka sabon cocinku ba."

"To mu bar shi a tsakiya, Fada ya riƙa leƙo mu ta sama?"

"Ya leƙo. Ai dogo ne."

Tun da ya yi wayo a jikin bangon nan take zama, har wurin da take jingina kafaɗa ya yi sulɓi. Ya kai wa katikis, mataimakin Fada, maganar. Katikis ya ce, "Rigimar tsufa ce, za ta huce." Auta ya koma bakin aikinsa. Shi ya san uwarsa.

Aka yaye tsohon rufi, aka kayar da sauran bangwayen, leburori suna ta zirga-zirga da baro. Bangon gabas ya rage shi kaɗai. Auta ya ce su je su ci abinci, ya ɗauki gudumar da kansa. Tubalan na farfashewa yana ganin sawun yatsu a jikinsu, manya, sun fi nasa. Da leburorin suka dawo da baro ya hana su kwasa. Dama ƙasan sabon cocin yana buƙatar ciko. Ya baje ƙasar a inda ta faɗi, ya yayyafa ruwa, ya sa aka daddake ta, aka zuba siminti a kai.

Da yamma ya same ta tana wanke kwanuka.

"Na fasa, Mama. Amma ko cokali ɗaya bai fita ba. Yana ƙarƙashin daɓe, daidai inda kike zama."

Ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ranar da aka buɗe cocin kowa ya sami wuri a ciki, har da bencin da babu kowa a kai. Ita ta kawo kujerarta ta zauna a waje, ƙarƙashin taga. Fada ya fito da kansa ya roƙe ta. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce nan ma tana ji. Haka aka yi ta yi, har mutane suka saba.

Wata Lahadi hadari ya taso ana tsakiyar waƙa. Auta yana zaune kusa da ginshiƙi, yana jin ruwan a kan kwano, bai waiwaya ba. Can sai ga ta a gefensa, gyalenta a jiƙe, takalmanta a hannu.

"Nan ne?"

"Nan ne."

Ta shafa daɓen da tafin ƙafa, gaba da baya.

"Ya karkace," in ji ta. "Ubanka ba ya irin wannan aikin. Matsa."

Ya matsa.