Ranar da Maliki Ya Durƙusa a Isa

Makaɗa sun kai rabin taken Maliki kafin ya ga damar tashi daga kujerarsa. Sauran 'yan kokawa kan faɗo fili a guje suna kirari, shi kuwa ya taho yana taku ɗai-ɗai, ƙirji gaba, haɓa sama, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Mutanen Isa sun saba. Wasu har gyaɗa sukan saya su cinye kafin ya iso tsakiya.

Da ba haka yake ba. Maliki ɗan Kamarawa ne, kuma a zamaninsa babu bayan da bai kai ƙasa ba daga Isa har bakin iyakar Nijar. Sai aka ɗauke shi zuwa sansanin horo a birni, inda ake tace masu zuwa gasar Olimfik. Ko filin jirgi bai gani ba aka sallamo shi, ya dawo da rigar wasanni da kalma guda. Wani malamin makaranta ne ya fassara masa ita a teburin mai shayi: Turawa na kiran gwanayen gasar Olimfiyan, haka gumakan Girkawa da ke zaune kan dutse, haka duk mai tafiyar ƙasaita. Maliki ya yi a'uzubillahi da gumakan, ya rungumi sauran. Tun daga nan bai sake kama kowa ba. Kokawar ƙauye, in ji shi, turereniya ce.

Yau dole ce ta fito da shi. Dattawan kokawa sun gaji da kallon tafiya, suka ce duk mai son riƙe sarautar kokawa, ya ja 'yan wasa zuwa Sakkwato, sai ya yi kaye a gaban jama'a. Wanda ya fito masa Is'haƙa ne, wani gajeren manomi da 'yan bindiga suka koro daga Gatawa, yake dakon hatsi a kasuwa.

Labbo, tsohon alƙalin fili, ya fara tuna musu ƙa'ida. Maliki ya ɗaga masa hannu.

"Baba, ni da niy yi kokawa bisa katifa za ka koya ma wasa?"

Labbo ya ja baya.

Suna haɗa hannu Maliki ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa. Mutumin da ke yini da buhun gero a ka ba ya turuwa da kallo. Numfashi ya fara yi masa gardama, tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ya manta rabonsa da shi. Nan ya tuna kamun da ya fi gwanancewa a sansani. Ya sulale ƙasa, ya dire gwiwoyinsa biyu, ya rungumo ƙafafun Is'haƙa, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya danne kafaɗunsa. Gaskiya kamun ya yi kyau, a ba shi wannan.

Fili ya ɗauki sowa. Maliki ya lumshe ido yana sha. A sansani, gwiwa ba komai ba ce sai an danne kafaɗa. A nan Gobir kuwa, ko yaran da ke kokawa bayan gari sun san in gwiwarka ta sha ƙasa, an kada ka, magana ta ƙare. Sai da ya saurara da kyau ya ji ba takensa ake kaɗawa ba.

Samarin Gatawa suka zagaye su suna jira, sun rasa ta inda za su ɗauki gwaninsu. Is'haƙa ya tofar da yashin bakinsa, ya yi magana daga ƙarƙashi cikin ladabi.

"Ranka shi daɗe, in ka gama, ɗan ɗaga mini. Ni za a ɗauka."