Taron da Inna Ta Nema

Zazzaɓi ya sauko wa Bara'atu bayan azahar, tana zaune a ɗakin Inna da samfurin atamfa kala shida a cinyarta. Ta ce bari ta ɗan kishingiɗa na minti biyar. Minti biyar fa! Matar da rabonta da barcin rana tun kafin ta buɗe shagon shirya bukukuwa a Tudun Wadan Zariya.

In dai kun je biki a garin nan kuka ga kujeru sun wadata, abinci bai huce ba, amarya ta shigo kan lokaci, to ku bincika, hannun Bara'atu na ciki. Har kwas ta je Kaduna, ta dawo tana gaya wa ma'aikatanta cewa hanyoyin tsara aiki uku ne. Ko ka jera matakai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba waiwaye, ko ka yi ka duba ka sake yi har ya yi kyau, ko kuwa ka riƙa yin kaɗan kana miƙa wa mai shi, yana faɗa maka inda za ka sauya. Ita ta farkon take so, ba ta kuma ɓoyewa.

Sai ga aikin gida ya faɗo mata. Wata bakwai ke nan da likita ya ce mantuwar Inna ba tsufa ba ce kawai, ciwo ne, kuma gaba zai riƙa yi. A hanyar dawowa daga asibiti Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Auta, ki tara mini su. 'Ya'ya da jikoki, kowa da kowa. In kira kowa da sunansa tun ina iyawa." Bara'atu ta ce, "An gama, Inna." Ta jera matakai goma sha huɗu a takarda, ta sa rana bayan babbar salla, lokacin da Yaya Sa'adu zai sami hutu daga Fatakwal. Yanzu ana mataki na biyar, zaɓen anko. Sunayen jikoki kuwa tara sun riga sun zube daga kan Inna. Bara'atu ta sani sarai, abin yana cin ta, amma ta riƙe takardarta.

Idonta na rufewa sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Wata farar kujerar roba ce, irin waɗanda take bayarwa haya, ta shigo tana tafiya da ƙafafunta huɗu.

"Hau," in ji kujerar. "Shekara takwas ina ɗaukar baƙinki, masu ƙiba da masu girgiza ƙafa, ko sannu ba ki taɓa ce mini ba. Yau ke zan ɗauka."

Ta hau. Bangon ɗakin ya yaye kamar labule, sai ga su a tashar jirgin ƙasa. Wani dattijo cikin kakin ma'aikatan jirgi yana tsaye da tuta a hannu, usur a baki, agogo kuma a tsakiyar goshinsa yana bugawa. Jirgin tarago goma sha huɗu ne, kowane da rubutu a jikinsa: Kwamiti, Rana, Zaure, Kati, Anko, haka har ƙarshe. Bara'atu ta ji sanyi a ranta, ta ce ga mutumin kirki, ga wanda ya san aiki.

"Shigo, Hajiya," in ji dattijon. "Ƙofofina gaba kawai suke buɗewa. Sai kin gama da tarago ake ba ki na gabansa."

Jirgi ya tashi. Ƙasa tana wucewa ta taga, gonaki a kife, rafi yana gudu zuwa sama. Can sai ta hango wata 'yar tasha, babu kowa a cikinta sai Inna, tana tsaye da ƙwarya cike da gero a ka. Ƙwaryar ta tsage. Duk ƙwayar da ta faɗo sai ta kira suna da ƙaramar murya kafin ta taɓa ƙasa. "Habibu." "Nana Firdausi." "Jamilu ƙarami." Tantabaru suna bin ƙafar Inna suna tsincewa.

"Baba, tsayar da shi! Uwata ce!"

"Tashar nan ba ta cikin takarda."

"Wane mara tausayi ne ya rubuta takardar?"

Ya miƙo mata. Rubutunta ne, har da jan biron da take ja wa muhimman abubuwa layi da shi.

"Ni ban taɓa ɓatar da kowa ba," in ji dattijon, babu faɗa a muryarsa. "Inda aka rubuta can nake kaiwa, kan lokaci kuma. Mai gina zaure ya zo wurina, zai gode mini. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai mai jira a can."

Bara'atu ta buga gilashi har tafin hannunta ya yi zafi. Kujerar ta ce, "Daina, kar ki fasa kayan mutane." Ta yi tsalle da ita ta taga.

Ba su faɗi ba. Layin dogon ne ya tanƙware ya haɗe baki, ya zama ƙafar keken ɗinki tana juyawa. A kan keken wata tela ce mai allurai cike da baki, tef a wuya. Rigar da take ɗinkawa ita ce taron kansa. Ga rumfuna a wuyan rigar, ga kujeru a jere a hannu, ga fuskokin dangi an zana su da zare mai sheƙi. A gefe Inna ce tsaye a kan turmi, hannuwa a buɗe, ana jiran a gwada mata.

"Sannu da aiki, Yaya," in ji Bara'atu. "Ke yaya kike naki?"

"In ɗinka, a gwada, in farke, in sake," in ji telar ta cikin allurai. "Kowane zagaye ya fi na baya. Duba ki gani."

Aka sa wa Inna. Kafaɗa ta yi yawa. Telar ta farke, keke ya yi kuka, ta mayar. Wallahi rigar ta ƙara kyau, Bara'atu da kanta sai da ta ce kai! Amma yanzu tsawo ne ya yi yawa. Aka sake. Aka kuma sakewa. A zagaye na huɗu Bara'atu ta gane abin da ke faruwa. Ashe awon telar daidai yake, Inna ce ke raguwa. Kowane gwaji sai ta ƙanƙance, har ta koma tsayin yarinyar da ba ta isa shiga firamare ba, tana leƙe ta wuyan rigar tana neman wanda ta sani.

"Yaushe za ki gama?"

"Ni gyara na iya. Mai kaya ke cewa ya isa haka. Tun ɗazu nake jiran ki faɗa."

Bara'atu ta buɗe baki za ta ce ya isa, sai idonta ya faɗa kan wani zare da ya fito a gefen hannu. "Ɗan gyara wannan tukuna," ta ji bakinta ya faɗa. Allah sarki, hali! Telar ta ɗaga rigar, babu kowa a ciki.

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun ranar asibiti. Kujerar ta ɗauke ta ba tare da tsiwa ba wannan karon, ta bi da ita ta cikin hawayen har suka fito gindin wani mangwaro. A nan wata mai waina ke zaune kan kujera 'yar tsugunno, gabanta tanda mai gurbi goma sha biyu, wuta na ci ba hayaƙi. Mutane suna zuwa ɗaya ɗaya, bibbiyu, ba layi ba kati. Duk wadda ta nuna sai ta ɗauke ta miƙa da zafinta, ta tambaya, "Ya gishiri?" In an ce ya yi kaɗan ta ƙara a ƙullun nan take, ta zuba ta gaba.

"Zauna, 'yar nan," in ji mai waina. "Mutum nawa ke kusa da tsohuwar yau?"

"Yau? Huɗu ne kawai. Ni, da yayata Anti Uwani, da 'ya'yanta biyu."

"To zuba huɗu. Gobe wasu uku za su zo daga Samaru, ki zuba uku. Ki duba fuskarta, in hayaniya ta dame ta ki rage, in ta fi ganewa da safe ki koma safe."

"Haba Gwaggo! Wannan ai ba taro ba ne. Ba anko, ba mai hoto, Yaya Sa'adu ba ya nan. Kowa da kowa ta ce. Ni da na shirya wa 'ya'yan wasu zaure mai cin mutum dubu, uwata zan tara wa mutum huɗu a kan tabarma? Me za a ce da ni?"

"Ban ce hanyata ba ta da ciwo ba," in ji mai waina tana juya ɗaya. "Ba za ki sami babban hoton nan na ratayewa a falo ba. Ba ki da hutu kuma, kullum kina bakin wuta, kullum kina sauya shiri. Amma abin da na soya an ci."

Bara'atu ta yi ta kawo hujja. Ta kawo ta damina, ta kawo ta jarrabawar yara, ta kawo ta zauren da aka riga aka kama. Hujjojin nan fa masu kyau ne, kowace da ƙafarta. Da ta gaji ta share fuska ta ce, "Ba ni ludayin."

Ta duba tandar. Gurbi ɗaya ne a cikinta, sauran wurin ya shafe sumul.

"Ina sauran?"

"Da kika zauna goma sha biyu ne. Kina ta magana." Mai waina ta tura mata ƙullun. "Zuba wannan ɗin, maza."

Ta ɗebo. Ƙullun na barin bakin ludayi sai ta ji wani sanyi ya sauka a goshinta.

Firgigit ta farka. Rana ta karkata, atamfofi sun watse a ƙasa, jikinta sharkaf da gumi. Inna ce zaune a gefenta, ta ɗora mata tafin hannu a goshi tana tofa mata addu'a.

Bara'atu ta kama hannun da hannuwanta biyu. "Inna, yau za a fara. Yanzun nan zan kira Anti Uwani ta taho da yaran. Ba sai bayan salla ba. Duk wanda ke kusa ya zo, gobe wasu su zo."

Inna ta yi murmushi, irin wanda take yi wa baƙi.

"Taro za ku yi? Allah ya sanya alheri." Ta gyara mata ɗankwali a hankali. "Jikinki da zafi, baiwar Allah, ki kwanta abinki, nan ma gida ne. Ni ma ina da 'ya mai irin wannan aikin, ta iya sosai. Za ta tara mini nawa. Ta ce in jira, ina nan ina jira."